Darasi: Ina Manomi Zai Kai Kuka?

'Yan'uwa manoman Taloka, idan an ƙwace wa ɗayanku gona, ko an tsare shi ba shari'a, akwai wurin kai kuka. A 1995 aka kafa Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa. Da fari shawara kurum take bayarwa. Gyaran dokarta na 2010 ya ba ta ikon kiran shaidu da yanke diyya. Tana da ofis a Sakkwato, ba a biyan ko kwabo.

Amma ma'aikacin birni bai san iyakar fadamunku na Goronyo da Wurno ba, sai kun nuna masa. Saboda haka magatakardan ƙungiya ya rubuta ranar da abin ya faru, da wurin, da sunayen shaidu. Ku kai takarda ɗaya, ku ajiye ɗaya.