Ruwan Ɗumi a Ɗakin Ginin Tukwane: Abin da Za a Yi da Wanda Ba Za a Yi Ba

Mai gini a kan faifan juyi da jiƙaƙƙen hannu yake wuni. Matan Gbagyi da maginan ƙauyukanmu masu ɗaga tukunya da hannu suna zagaya ta, ruwa kaɗan suke taɓawa. Amma wanda yumɓu ke gudu a ƙarƙashin tafinsa, tilas ya riƙa tsoma hannu a ruwa a kai a kai, in ba haka ba yumɓun ya kama fatarsa ya murɗe. Aikin faifai ya kafu a arewa ne bayan Michael Cardew, maginin nan ɗan Ingila, ya buɗe cibiyar koyar da gini a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a farkon shekarun 1950. Can maginiya Ladi Kwali ta shiga a 1954 ta koyi juyi. A ƙasar su Cardew da arewacin Amurka, ruwa kan kwana a bokiti ya wayi gari ƙanƙara. Namu ɗarin bai kai nan ba, amma duk wanda ya zauna gaban faifai da sassafe a Jos ko Zariya cikin Disamba da Janairu, jaura na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya san yadda yatsu ke sandarewa har su daina jin kaurin bangon tukunya. Yatsan da ba ya ji kuwa ba ya gini. Saboda haka ɗumama ruwa wajibi ne, kuma ga ƙa'idojinsa.

Kada ku haɗa hannunku da wutar lantarki a mazubi ɗaya. Wannan ita ce uwar dokokin, wanda ya karya ta babu amfanin ya karanta saura. Hitar nan ta ƙarfe da ɗalibai ke jefawa a bokitin wanka, kada ta shigo ɗakin gini ko da wasa. Wutar gidajenmu bolt 230 ce. Busasshiyar fata tana ɗan tare wuta, amma fatar da ta daɗe a ruwan yumɓu, ga tsaga ga kaushi, kusan ba ta tare komai, abin da zai ratsa jiki ya ninka wanda ke rikita bugun zuciya sau da yawa. Ƙara da cewa magini na zaune ne ƙafarsa a jiƙaƙƙen siminti, gwiwarsa na jingine da ƙarfen injin. Wuta ba ta neman hanyar da ta fi wannan sauƙi. Na sha jin masu cewa ai sai sun zare fulogi suke sa hannu. Hannun mai juyi ba ya shawara da ƙwaƙwalwa kafin ya kai ga ruwa. Idonsa na kan bakin tukunyar da ke rawa, hannun ya riga ya nutse. A ƙasar da ake ɗauke wuta a dawo da ita babu sallama, hitar da kuka bari a ruwa kuna zaton ta mutu za ta farka hannunku na ciki.

Kada ku yarda da hitar tankin kifi, duk da yadda wasu magina a Turai da Amurka ke yaba ta. Gaskiya ne an yi ta don ta zauna a ruwa, kuma tana tsayawa da kanta idan ɗumi ya kai digiri 30 da 'yan kai. Sai dai an yi ta ne don tsabtataccen ruwan da babu mai dama shi. Yawancinsu bututun gilashi ne. A bokitin gini kunun yumɓu zai lulluɓe ta ya hana zafinta fita, kayan aiki za su riƙa bugun ta, ruwan kuma yana raguwa da kowane ɗibar soso, ranar da rabinta ya fito fili tana kunne, ta fashe. Ruwan ya yi kauri, ba za ku ga tsagar ba.

Haka nan tukunyar lantarki mai dafa abinci a hankali. Ko a mafi ƙarancin wutarta tana haura digiri 60, ga kuma waya kwance kusa da faifai mai fesa ruwa. Ku bar ta a kicin.

Abin da za ku yi shi ne wannan, kuma ba ya cin kuɗi. Ku tafasa ruwa nesa da wurin aiki, a buta ko a risho, ku cika babban fulas, ku kashe wuta, sannan ku zo ku zauna. Da fulas za ku riƙa sirka ruwan bokiti. Ma'aunin mai sauƙi ne: kashi ɗaya na tafasasshe, kashi uku na ruwan sanyi. Idan ruwan randa na wajen digiri 15, wannan haɗin zai ba ku kusan 35, dab da ɗumin jiki, abin da ake nema ke nan. Ku fara zuba na sanyi, na zafi ya biyo baya, ku dama da sanda. Da kun ji ya fara hucewa, ku kwashe kofi ɗaya ku mayar da kofi ɗaya daga fulas. Fulas mai kyau zai kai ku azahar.

Ku yi wa bokitin riga. Na roba za ku ɗauka, domin na ƙarfe yana zubar da zafi ta jikinsa nan da nan. Ku saka shi cikin wani wanda ya fi shi girma, ku cusa tsumma ko yankin buhu ko garin katako a tsakaninsu, ku ɗora shi a kan katako, kada ya taɓa siminti. Wanda ke da tsohuwar kular abinci ya huta da wannan duka, ya zuba ruwan a ciki kawai. Sannan murfi. Yawancin zafin ta sama yake gudu tare da tururi, busasshiyar iskar hunturu kuwa kwasar sa take yi. Duk lokacin da kuka tashi cuɗa yumɓu ko ajiye tukunya ko salla, ku rufe. A wajen juyin ma ku rufe rabin bakin, ku bar inda hannu da soso za su shiga.

Kada ku gwada zafin ruwa da sandararrun yatsu. Yatsan da sanyi ya kashe ƙarya yake faɗa, ruwan da zai sale fata sai ya ji shi daidai. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona fata cikin 'yan daƙiƙoƙi. Ku gwada da gwiwar hannu, kamar yadda uwa ke gwada ruwan wankan jariri, ko ku sayi ma'aunin zafi ku rataye a bakin bokiti, kada ya wuce 40. Mai ciwon sukari da jin yatsunsa ya ragu, shi ma'aunin nan dole ne a kansa. Wanda kuma yatsunsa kan yi fari fat ko su yi shuɗi-shuɗi a sanyi, sannan su yi ja da zogi idan ɗumi ya dawo, ya je ya ga likita, kada ya ce zai warkar da kansa da ruwan zafi. Dulmiya daskararren hannu a ruwa mai zafi farat ɗaya yana jawo kumburi da ƙaiƙayi. A hankali ake dawo da shi.

Ga abin da mutane da yawa ke mantawa, kuma a ganina ya fi zafin ruwan muhimmanci: yumɓun ne ke shanye ɗumin hannunku. Ruwa yana taɓa ku na daƙiƙa biyu, curin yumɓu kuwa kuna rungume da shi minti biyar, kuna danna shi da dukkan tafi. Idan ya kwana a simintin rumfa yana shan iska, to ko ruwanku ya kai yaya, hannun zai mutu kafin ku daidaita curin a tsakiya. Yumɓu mai sanyi kuma ya fi tauri, sai kun sa ƙarfin da zai gajiyar da wuyan hannu. Saboda haka tun da yamma ku ware na gobe, ku ɗaure shi a leda, ku kai shi ɗakin da ake kwana, ku ɗora a kan benci. Babban curi ba ya ɗumama har cikinsa a awa ɗaya, kwana yake so. Idan kun makara, ku yanka shi ƙanana, ku ɗaure ledar tam, ku nutsa ta a ruwan ɗumi kafin ku gama share wuri. Kada ku ajiye shi gefen wuta: bayansa zai bushe cikinsa na nan da sanyi, kuma curin da taurinsa bai zama ɗaya ba ba ya tsayawa a tsakiyar faifai. Ku cuɗa shi da kyau kafin ku zauna, cuɗar ma tana motsa jinin hannu. Masu aiki a ƙasashen ƙanƙara su kiyaye kada yumɓu ya daskare. Idan ya daskare sai an bar shi ya narke an sake cuɗa shi daga farko, ɗanyar tukunyar da ƙanƙara ta shiga kuwa ta tafi.

Kan faifan ma ƙarfe ne, gefen hannunku na gugar sa. Ku ɗora farantin katako ku yi gini a kansa.

Kada daɗin ruwan ɗumi ya sa ku yi wa tukunya wanka. Sabon magini da ya ji ruwa ya yi masa daɗi sai ya riƙa matse soso a kai babu dalili. Bango ya sha ruwa ya yi laushi ya zauna, wanda ya taru a gindi kuma yakan jawo tsagar nan mai lanƙwasa da ake gani a ƙasan kwano bayan ya bushe. Ku tsane ruwan ciki da soso kafin ku cire tukunya. Kunun yumɓun da ke taruwa a hannu ya fi tsuran ruwa santsi, kuma ba ya saurin gudu, ku riƙa mayar da shi.

Yanzu ɗumama ɗakin kansa. Kada ku hura gawayi ku rufe ƙofa da taga. Garwashi na fitar da iskar guba da ba ta da wari ba ta da launi. Alamarta ciwon kai da jiri da kasala, kuma mai aiki shi kaɗai zai ɗauka gajiya ce ya ce bari ya ɗan kishingiɗa. Ana rasa rayuka ta wannan hanya a lokacin sanyi. Risho da gas ma suna son iska, janareta kuwa waje, nesa da taga. Kada ku kunna hita mai fanka a ɗakin yumɓu, domin za ta tayar da busasshiyar ƙurar ƙasa ta kai ta huhunku, ƙurar yumɓu kuwa tana ɗauke da garin dutsen da ke taurara huhu bayan shekaru, ciwon da ba ya warkewa. Da jiƙaƙƙen tsumma ake goge ɗakin gini. Sababbin tukwane ku nisanta su da duk wani abu mai zafi, ku lulluɓe su da leda. Gefe ɗaya ya riga ɗaya bushewa, baki ya karkace, mariƙi ya rabu da jiki. Kada kuma ku ɗora buta ko bokiti a kan tanderun da ke gashi don ku ci ribar zafinsa.

Idan injinku na lantarki ne, ku kira ƙwararren mai gyaran wuta ya tabbatar da wayar ƙasa, ya sa muku makatsar nan mai yanke wuta da kanta da zarar ta fara zurara, mai lamba 30mA. Ku danna maɓallin gwajinta lokaci-lokaci. Soket ya kasance a bango, sama da inda ruwa ke fantsama. Kada a ga wayar jona-jona kwance a ƙasa.

Kada ku bar ruwan ɗumi ya yi kwanaki a rufe. Ɗumi da laka da guntun soso, nan da nan ya yi wari. Ku bar shi ya kwanta, ku tsiyaye na sama, ku juye kunun a ma'ajiyar yumɓun da za a sake kwaɓawa. Kada ku zuba shi a bututun ruwa, zai toshe.

Bayan an tashi, ku wanke hannu, ku tsane shi sarai har tsakanin yatsu kafin ku fita iska, sannan ku shafa man kaɗanya ko basilin. Bayan aiki na ce. Hannu mai maiƙo idan ya taɓa tukunyar da aka yi wa gashin farko, ruwan sheƙi ba zai kama wurin ba, sai an fito da ita daga wuta ku ga shatar yatsunku. Wanda fatarsa ta tsage har tana jini ya huta kwana biyu, ya yi aikin da ba na ruwa ba.

Malaman da ke riƙe da ɗakunan koyarwa, nauyin a wuyanku yake, domin yaro abin da ya ga babba na yi shi zai yi. Ku sayi fulas biyu na ɗaki, ku sa wanda zai riƙa cika su kowace safiya, ku binciki bokitai da kanku kafin kowa ya zauna. Duk hitar da kuka samu a ɗakin, ku ƙwace ta a ranar.