Jirgin Mai Hoton Biki Ya Leƙa Tsakar Gidanmu

Tambaya: Maƙwabcinmu ya aurar da 'yarsa, mai hoto ya tashi ɗan jirgin nan maras matuƙi. Sai ga tsakar gidanmu a TikTok, ina shanya, ko ɗankwali babu a kaina. Ina da hakki? Daga wata uwargida, Kano.

Amsa: Hajiya, kina da hakki ƙwarai. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da gidansa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta ɗauki hoton da za a gane ki a ciki a matsayin bayananki. Tashin jirgin ma ba gaba gaɗi ake yi ba: tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, ta ce sai da izininta da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara Kan Tsaro. Ki sa a tambayi mai hoton takardarsa.

Ni a ganina laifin ya fi na hawa katanga. Bahaushe ya gina zaure ne don baƙo ya tsaya nan ya yi sallama, Suratul Hujurat kuma ta hana leƙen asirin mutane. Mai hawa katanga shi kaɗai ya gani, wannan kuwa ya nuna wa duniya.

Kada yara su jefi jirgin da gwafa, biyan diyya zai dawo kanku. Ki adana bidiyon tukuna. Maigida ya samu maƙwabcin, a goge ko a yanke wurin. In sun ƙi, sai mai unguwa, sannan lauya.