Kilomita 109 a Cape Town: Shawara ga mai shirin shiga babban tseren keke

Kowace shekara a watan Maris, galibi ranar Lahadi ta biyu, ana rufe wa motoci titunan da suka zagaye zirin ƙasar Cape a Afirka ta Kudu, a bar wa masu keke. Wannan shi ne Cape Town Cycle Tour, wanda tsofaffin mahaya har yau suke kira Argus, sunan jaridar da ta daɗe tana ɗaukar nauyinsa. An fara shi a 1978 da mutum ɗari biyar da 'yan kai, don a ja hankalin hukuma ta yi wa masu keke hanyarsu. Yau yakan ɗauki har mutum 35,000, kuma shi ne tseren keke mafi girma a duniya cikin waɗanda ake auna lokacin kowane mahayi. Tsawonsa kilomita 109, an kuma ba ka awa bakwai ka gama.

Mafi yawan masu shiga ba ƙwararru ba ne. Malaman makaranta ne, da 'yan kasuwa, da dattawa masu furfura. In kana hawan keke duk ƙarshen mako, kai ma za ka iya. Amma ka san cewa nisan ba shi ne ke kayar da baƙo ba. Abubuwa uku ne: cunkoso, iska, da tuddan da aka jera a ƙarshen hanya, lokacin da ƙafa ta riga ta gaji. Duk shirinka ya zama a kan waɗannan.

Takardu tun da wuri

Ana buɗe rajista ta intanet watanni kafin ranar, kuma akwai gurbi na musamman ga masu zuwa daga ƙasashen waje. Ɗan Najeriya sai da biza, kuma bizar Afirka ta Kudu ba a nemanta a ƙurarren lokaci, don haka ka shigar da takardunka da zarar ka biya kuɗin rajista. Ka tafi da katin rigakafin cutar shawara, domin ana tambayarsa ga wanda ya fito daga ƙasashenmu. Ka yi inshorar lafiya, ka kuma tabbatar ta haɗa da raunin da aka samu a wasan motsa jiki, don ba kowace ce ke biyan wannan ba.

Ka duba kalandar Musulunci kafin ka biya. Tseren 2025 ya faɗo cikin azumi. Idan haka ta sake faruwa, ko dai ka jira wata shekara, ko ka zauna da malaminka ku tattauna hukuncin matafiyi. Kada ka yi tunanin yin awa biyar ko shida a rana kana tuƙa keke babu ruwa.

Atisaye: nemi tudu, nemi jama'a

Wata uku zuwa huɗu sun isa ga wanda ya saba da keke. Ka riƙa hawa sau uku ko huɗu a mako, ɗaya daga ciki doguwar tafiya, kana ƙara mata nisa kaɗan-kaɗan har ka kai kilomita 80 zuwa 90 ba tare da ka galabaita ba. Makon ƙarshe ka rage sosai, jiki ya huta.

Hawan da ke cikin hanyar, in an haɗa shi duka, ya haura mita dubu. Mutumin Kano ko Maraɗi da ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai ya nemi abin hawa da gangan: gadar sama, ko wani tudu a bayan gari, ya hau ya sauka, ya sake hawa. Wanda ke Jos ko Abuja ya samu sauƙi. Atisayenka zai faɗo cikin hunturu, saboda haka ka kiyayi fita da asubar da hazo ya rufe hanya, direba ba ya hango ka.

Abu mafi muhimmanci shi ne ka koyi tafiya cikin ayari. Wanda ya laɓe a bayan wani mahayi yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na wahalar da iska ke ba shi. Sai dai wannan dabara ce da ake koya. Ka nemi 'yan'uwa masu keke ku riƙa fita tare. Ka koyi riƙe layinka, ka koyi ɗaukar gorar ruwa ba tare da ka kalli ƙasa ba, kuma kada ka taɓa bari tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan wanda ke gabanka. Da ya ɗan karkata, kai ne a ƙasa.

Kekenka ko na haya

In za ka tafi da naka, ka tambayi kamfanin jirgi ƙa'idarsa kafin ka sayi tikiti, domin wasu na lissafa keke cikin kaya, wasu kuma sai an biya daban. Ana cire feda da tayoyi, a rage iska, a naɗe ƙarfen da soso. Ka sa alama a inda sirdinka yake tsayawa don ka mayar da shi daidai. Hular kwano da takalman hawa kuwa ka riƙe su a jakar hannu. In akwatin keke ya makara, za ka iya yin haya.

In haya za ka yi, ka kama tun da wuri, ka kuma gwada birki kafin ka fita titi. A wasu ƙasashe birkin gaba yana hannun dama, a wasu yana hagu, kuma gangare ba wurin gano wannan ba ne. Ka nemi keke mai giya mai laushi don hawan tudu. Sannan ka tuna a Afirka ta Kudu hagu ake bi: mai tafiya a hankali ya tsaya hagu, mai wucewa ya bi ta dama.

Ka isa birnin aƙalla kwana uku kafin tseren. Ana karɓar lamba a wurin baje kolin da ake yi kwanakin da suka gabaci Lahadin, ba ranar tseren ba. Abinci ba zai dame ka ba, don Cape Town na da tsohuwar al'ummar Musulmi. A unguwar Bo-Kaap ne Masallacin Auwal yake, wanda aka kafa a 1794, kuma gidajen abincin halal suna ko'ina. Amma daren tseren ka ci abin da cikinka ya sani, kamar shinkafa ko taliya. Ɗanɗanon sabon abinci ya jira sai ka gama.

Ranar tseren

Ana tashi daga tsakiyar birni rukuni-rukuni, tun da sassafe, ana sakin kowane rukuni bayan 'yan mintuna. Wanda ba shi da sakamakon wani tsere a baya yakan samu rukunin baya, inda rana ta fi zafi, hanya ta fi cika. Kilomita na farko kamar fitowa daga filin Idi suke: kowa na neman gaba, babu wurin sa ƙafa. Ka bar masu gaggawa su wuce. Hannunka ya kasance kusa da birki, idonka a kan mutum uku ko huɗu da ke gaba, ba a kan taya ɗaya ba.

Daga birni hanya na bi ta babban titin M3, ta haye tudun Wynberg, ta gangara Muizenberg a bakin teku, ta wuce Kalk Bay da Fish Hoek da Simon's Town. A wannan rabin ne ake yaudarar kai. Jiki sabo, jama'a na tafi a bakin hanya, sai mutum ya kashe ƙarfin da zai nema daga baya. A nan kuma iskar kudu maso gabas, wadda mutanen garin ke kira Cape Doctor, takan doki fuska. Ka nemi ayarin da ke tafiya daidai da ƙarfinka ka fake a ciki. Bayan hawan Smitswinkel hanya ta juya arewa, ta bi Scarborough da Misty Cliffs, iskar nan kuma sai ta koma tura ka ta baya. Lokacin ci da sha ke nan.

Kada ka jira ƙishi ko yunwa. Kurɓi ruwa duk bayan minti goma sha biyar, ka ci wani abu duk rabin awa ko minti arba'in: dabino, ayaba, ko abin da ka saba ci a atisaye. Akwai tashoshin ruwa a kan hanya. In za ka tsaya, ka ɗaga hannu, ka fita gefe a hankali.

Daga Noordhoek aikin gaske ke farawa. Titin Chapman's Peak an sare shi ne a jikin dutse, teku na ƙasa, da kwana 114 cikin kilomita tara. Hawansa biyu ne: ƙarami da farko, sannan babban. Da yawa sukan ɗauka sun gama a na farko. Sa giya mai laushi, zauna a sirdi, ka juya ƙafa ba tare da dannawa da ƙarfi ba. A gangaren zuwa Hout Bay ka taka birki kafin kwana, ba a cikinta ba. Sai Suikerbossie, tudun ƙarshe. Bai kai kilomita biyu ba, amma yana zuwa ne bayan ka yi kusan 90, kuma a nan jijiya ke ɗaure wa wanda ya yi almubazzaranci da safe. Saukowa ka tura keke ba abin kunya ba ne, sai dai ka koma gefen hagu. Daga ƙololuwarsa hanya ta yi sauƙi, ta bi Camps Bay da Sea Point har Green Point, kusa da babban filin wasa, inda ake gamawa.

Abin da ba a hannunka yake ba

Yanayi na iya rushe komai. A 2002 an tsayar da tseren saboda tsananin zafi. A 2015 gobarar daji ta sa aka rage shi zuwa kilomita 47. A 2017 an soke shi da safiyar ranar, bayan iska ta riƙa kayar da mutane a wurin tashi. Don haka kada ka zuba kuɗin da ba za ka iya haƙurin rasa su ba, kuma ka tsara tafiyar yadda ko babu tsere za ka ci moriyarta.

Za ka ji ana ta maganar gamawa ƙasa da awa uku. Wannan burin ƙarfafan mahaya ne da suka san hanyar, suka kuma tashi a rukunin gaba. A karon farko, awa huɗu da rabi zuwa biyar da rabi sakamako ne mai kyau, kuma lokacin da ka yi shi zai taimaka maka samun rukuni mafi gaba in ka dawo. Ma'aunin da za ka riƙe a hanya mai sauƙi ne: in ka isa Simon's Town ba ka iya yi wa na kusa da kai magana saboda haki, ka yi sauri da yawa, sai ka sassauta tun a nan.