Amsoshin Tambayoyinku: Daga Singafo Zuwa New York

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko da tambaya: wace tafiya ce mafi tsawo da jirgin fasinja ke yi ba tare da ya yada zango ba?

To Malam, ita ce ta tsakanin Singafo a nahiyar Asiya da birnin New York na Amurka. Nisan ya kai kilomita 15,300 da 'yan kai. Kamfanin Singapore Airlines ne ke yin ta da jirgin Airbus A350-900ULR, cikin awa 18 zuwa 19. In ka taɓa tashi daga Kano zuwa Jidda, to ninka wannan sau huɗu, ka ƙara ɗori.

Sai dai wannan lissafin na hanya mafi gajarta ne, wadda ke ratsa can ƙuryar arewacin duniya. Matuƙa kuwa iska suke dubawa. In akwai mai ƙarfi da za ta tura su ta baya, gara su bi ta saman tekun Pasifik ko da hanyar ta fi tsawo, don sun fi saurin isa. Kujeru 161 kacal ke cikin jirgin, babu na masu ƙaramin ƙarfi. Nauyin da aka rage, mai aka ɗura a madadinsa.