DARASI: IDON DA KE GANIN MASU GINA SALAMA



A ranar 1 ga Janairu 1995, Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya keɓe saƙonsa na Ranar Salama ta Duniya ga mata, ya kira su malaman salama. Bayan shekara biyar, ranar 31 ga Oktoba 2000, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325, wanda ya ce dole a sa mata cikin aikin sulhu. Amma aikin da ba a gani ba, da wuya a girmama shi. Wannan shi ne batun darasinmu.

1. Abin da duniya ta gani a ƙasar Gobir

Mun san abin da ya sami Sabon Birni da Isa. A watan Mayu 2020 'yan bindiga sun kashe mutane da dama a Garki da ƙauyukan kewaye. A Disamba 2021 aka ƙone matafiya cikin mota kusa da Gidan Bawa. A Agusta 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi. Dubban mutane sun ƙetare iyaka zuwa jihar Maraɗi tun daga 2019.

Hotunan da suka yawata daga wannan yanki na gawawwaki ne, da na masu riƙe da bindiga suna alfahari. Ta haka mai ɓarna ya sami suna, mai gyara kuwa ya ɓace. Ina hoton matar da ta raba ɗakinta da 'yan gudun hijira? Ina na wadda ta goyi marayan maƙwabciyarta, ko wadda ta hana ɗanta fita ramuwar gayya? Ina na Bafillatana da Bagobira waɗanda cinikin nono da fura ya haɗa, suka ƙi yanke zumunci? Ƙasar Gobir ta daɗe da sanin darajar mace: sarautar Inna tana nan cikin tarihinta, mai faɗa a ji kusa da Sarki.

2. Abin da mata masu ɗaukar hoto suka koya mana

A Maiduguri, Fati Abubakar, wadda ta yi karatun aikin jinya, ta fara ɗaukar hotunan mutanen Borno a 2015 tana sa su a Instagram. Ta nuna 'yan kasuwa da 'yan makaranta da masu biki, domin duniya ta san Boko Haram ba ta cinye garin ba. Rahima Gambo ta yi aiki da 'yan mata 'yan makaranta a birnin, ta sa wa aikin suna Tatsuniya. Mace tana shiga cikin gida inda baƙo namiji zai tsaya a zaure, kuma 'yar'uwarta takan buɗe mata ciki.

A Laberiya, Leymah Gbowee ta haɗa mata Kirista da Musulmi cikin fararen tufafi a 2003, suka matsa wa masu yaƙi har aka yi sulhu. Fim ɗin da mata suka shirya a 2008 ya sanar da duniya aikinsu, a 2011 kuma ta sami kyautar Nobel. A Kaduna ma, tun 2010 akwai majalisar mata Kirista da Musulmi wadda Sista Kathleen McGarvey ta kafa.

3. Hasken bangaskiya

Cikin Samu'ila ta Fari, sura 25, Abigel ta tari Dawuda da abinci da magana mai taushi, ta hana zubar da jini. Da ba a rubuta labarinta ba, da mun rasa shi. Cikin Luka 24, mata ne shaidun farko na tashin Ubangiji, ko da yake ba a gaskata su nan da nan ba. A matsayi na shida na Hanyar Gicciye kuma muna tunawa da Beronika, wadda al'adar Ikilisiya ta ce ta share fuskar Yesu, siffarsa ta zauna a mayafinta. Jinƙai ne ya zo da fari, siffa ta biyo baya. Haka ya kamata kowane hoto ya kasance.

4. Hattara

Yau waya mai ɗaukar hoto tana hannun yawancinmu, 'yan bindiga da masu kai musu rahoto su ma suna da ita. Saboda haka kada mu ɗauki hoton kowa sai da yardarsa. Kada mu nuna fuskar wadda aka ci zarafinta, ko mu bayyana ƙauyen wadda ke ɓoye masu gudu. Kada mu yaɗa hoton gawa ko bidiyon masu kisa, gama yin haka tallata musu haja ne. Wani hoton ajiye shi ake yi sai ƙura ta lafa.

Tambayoyi domin Zumuntar Mata da matasa

(a) Wane aikin sulhu mata ke yi a unguwarmu wanda ba mu taɓa lura da shi ba?
(b) Hotunan da muka tura wa wasu a wannan mako, salama suka shuka ko ƙiyayya?
(c) Yaya za mu haɗa hannu da maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda su ne mafi yawan masu shan wannan wahala?

Bari Maryamu, Sarauniyar Salama, ta yi roƙo domin matan Gobir da mu duka. Amin.