Darasi: Yadda Za Ka Kammala Ƙaramin Jirgin Ruwa Mai Tururi, Ka Tuƙa Shi Da Wayarka

Darasin yau na matasa ne masu ƙere-ƙere, waɗanda suka riga suka haɗa gangar ƙaramin jirgin ruwa daga gwangwani ko katako marar nauyi, ya rage musu ƙarashe. Hausawa na cewa aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. A wannan gaɓa ce ake asarar aikin makonni: jirgi ya kife a gwajin farko, ruwa ya ƙona na'ura, ko ya yi gaba ya ƙi dawowa. Za mu bi matakan ɗaya bayan ɗaya, da kayan da matashi a Bukkuyum, Anka ko Gummi zai iya samu, sai 'yan kaɗan da za a saƙo daga Gusau, Sakkwato ko Kano.

Ɗan tarihi kafin mu fara

Jirgin da za ka kammala ya haɗa fasaha biyu. Ta farko ita ce tururi. A shekarar 1832 wasu jiragen tururi biyu suka taso daga Libaful ta Ingila suka shigo kogin Neja, ƙarƙashin Macgregor Laird da Richard Lander. Sunan ɗaya Quorra, wato Kwara, ɗayan kuma Alburkah, wato albarka. Ruwan Gulbin Zamfara da ke wucewa ta yankinmu can yake ƙarewa, domin yana zuba a kogin Sakkwato, shi kuma ya zuba a Neja.

Ta biyu ita ce sarrafa abu daga nesa. A shekarar 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a a birnin New York ƙaramin jirgin ruwa da yake juya shi da siginar rediyo. Abin da Tesla ya yi da manyan kaya, yau wayar da ke aljihunka za ta yi shi.

Injin da ya dace da kai

Akwai injin tururi mai rufaffiyar tukunya, wadda tururi ke taruwa a ciki da ƙarfi. Kada ka ƙera irin wannan da gwangwani, domin tana iya fashewa. Wanda ya dace shi ne injin fat-fat, wanda wani Bafaranshe mai suna Thomas Piot ya yi wa rajista a Ingila a 1891.

Ba shi da wani abu mai juyawa. Siririn bututun jan ƙarfe ne, mai faɗin milimita 3 zuwa 4, irin wanda ake samu wurin masu gyaran firij. Ana naɗe tsakiyarsa zagaye 4 ko 5 a jikin alƙalami mai kauri, bakunansa biyu su fita ta bayan jirgi a ƙarƙashin ruwa. Ka cika shi da ruwa, ka kunna kyandir a ƙarƙashin naɗin. Ruwan ciki zai tafasa, tururi ya tunkuɗo ruwa waje da ƙarfi. Da tururin ya isa wurin da bututu yake da sanyi sai ya koma ruwa, bututun ya sake zuƙo wani. Haka zai yi ta yi sau da yawa a cikin daƙiƙa guda, jirgi na tafiya.

Riƙe abu biyu game da wannan inji, domin su ne tushen sauran darasin. Ƙarfinsa kaɗan ne, saboda haka jirgin ba ya son nauyi. Kuma ba ya da makunni: muddin kyandir na ci, jirgi na tafiya. Juya shi kawai za ka iya daga wayarka.

Kayan da za ka tanada

- Allon ESP32, na kamfanin Espressif, mai Wi-Fi da Bluetooth a jikinsa
- Ƙaramin moto SG90, mai nauyin giram 9, wanda zai riƙa juya wutsiyar jirgi
- Ƙaramin fawabank mai bayar da bolt 5
- Gam ɗin Araldite
- Ƙaramar robar abinci mai murfi
- Wayar sifokin keke, sirinji, noti da kusoshi
- Sikelin awo da zaren kamun kifi

Mataki na 1: Toshe duk wata kafa

Tun kafin ka ɗora komai, sa gangar a baho, ka danna ta da duwatsu har ruwa ya kusa bakinta. Shimfiɗa busasshiyar takarda a ciki, ka bar ta minti 30. Duk inda takarda ta jiƙe, akwai kafa a wurin. An fi samun yoyo a wuri biyu: inda bututu ya huda bayan jirgi, da inda sandar wutsiya ta ratsa.

Goge wurin da sanfefa, ka shafa Araldite ciki da waje, ka bar shi ya kwana. Kada ka yi amfani da gam ɗin bindiga, zafin bututu zai narkar da shi. Ita kuwa sandar wutsiya, sa ta cikin bututun biro wanda bakinsa na sama ya ɗara tsayin ruwa, ka cusa ɗan man giris.

Mataki na 2: Lissafin nauyi

Nan ne zuciyar aikin. Duk abin da ke yawo a kan ruwa yana ture ruwa daidai nauyinsa, kuma lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Ke nan jirgi mai giram 360 zai nutse har sai ya ture mililita 360.

Ga misali. A ce tsawon jirginka santimita 30 ne, faɗi 10, zurfi 6. Saboda gabansa mai tsini ne, mu ɗauka faɗin ƙasansa murabba'in santimita 240 ne. Raba 360 da 240, ka sami 1.5. Wato jirgin zai shiga ruwa da santimita 1.5, saura 4.5 a sama. Duk giram 240 da ka ƙara, zai sake nutsewa da santimita 1. Ɗora duk kayanka a sikeli, ka yi naka lissafin, sannan ka ja layi da fenti a jikin jirgi daidai inda ruwa ya kamata ya tsaya. Yi ƙoƙari jimillar nauyi kada ta wuce giram 400, kuma bakunan bututu su kasance ƙarƙashin wannan layi.

Yawan nauyi rabin magana ne. Ɗaya rabin shi ne inda ka ajiye shi. Abu mai nauyi, kamar fawabank, ya kwanta a ƙasan jirgi, a tsakiya. Abin da za ka ɗora a sama, kamar rumfa da bututun hayaƙi na ado, ya zama marar nauyi. Gwada shi haka: danna gefe ɗaya da yatsa ka saki. Idan ya miƙe nan take, ya yi. Idan ya daɗe yana lilo ko ya tsaya a karkace, sauko da kaya ƙasa, ko ka manna noti biyu ko uku a gindinsa.

Wannan lissafi bai tsaya a kan abin wasa ba. Ranar 14 ga Satumba, 2024, kwale-kwale ɗauke da manoma masu tsallakawa zuwa gonakinsu ya kife a ƙaramar hukumar Gummi, gomman mutane suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Dokar da ke riƙe da jirginka a baho ita ce ke riƙe da kwale-kwale a gulbi. Kowane mutum da aka ƙara yana rage tazarar da ke tsakanin ruwa da bakin jirgi, kuma idan mutane suka miƙe tsaye, nauyi ya tashi sama ke nan, idan kuma suka koma gefe guda, kwale-kwale ya karkata. Wanda ya gwada wannan da hannunsa, in ya zo mashaya ya ga ruwa ya kusa bakin kwale-kwale, ya san gara ya jira sawu na gaba.

Mataki na 3: Ban da dalma

Idan ka kalli bidiyon masu wannan sana'a a YouTube, za ka ga da yawa suna daidaita jirgi da dalma, saboda 'yar kaɗan ce ke da nauyi sosai. Kada ka kwaikwaye su, kuma kada ka fasa tsohon batirin mota ko na babur don ka ciro ta.

Mu a wannan yanki mun san dalma. A shekarar 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma ce ke kashe yara a ƙauyuka irin su 'Yargalma a Bukkuyum da Dareta a Anka, sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Yara aƙalla 400 suka rasu. Ƙurar dalma ba ta da wari, kuma ƙananan yara ta fi yi wa illa, musamman a ƙwaƙwalwa. Noti, kusoshi ko tsakuwa a leda za su yi maka aikin.

Wayar da masu gyaran waya ke narkarwa su like da ita ma galibi tana da dalma. Idan za ka like wayoyi, yi a fili, kada ka ci abinci a wurin, kada ka riƙe ta da baki, ka share ɓurɓushin, ka wanke hannu da sabulu. Ƙannenka su zo kallon jirgi a ruwa, ba wurin liƙi ba.

Mataki na 4: Haɗa wutsiya da waya

Yanke wutsiya daga gwangwani, kamar santimita 3 a 4, ka sa ta a bayan bakunan bututu, domin ruwan da ke fita ya riƙa bugunta. Haɗa ta da hannun moto da wayar sifoki.

SG90 na da wayoyi uku. Ja ta tafi ƙafar bolt 5 ta allo, mai ruwan ƙasa ta tafi GND, mai ruwan lemo kuma ta tafi ƙafa ta 13. Da manhajar Arduino IDE a kwamfuta za ka loda wa allon umarni, tare da ƙunshin ESP32Servo. Hanya mafi sauƙi ita ce allon ya buɗe nasa Wi-Fi. Ka haɗa wayarka da shi, ka buɗe burauza, ka rubuta 192.168.4.1, shafi mai maɓalli uku ya fito: hagu, tsakiya, dama. Ba ka buƙatar data, ba ka buƙatar sabis. Sa tsakiya a digiri 90, hagu a 60, dama a 120. Idan wutsiya ta juya fiye da haka, birki take zamewa, injinka kuma ba shi da ƙarfin jan ta.

Sa allon a robar abinci, ka toshe ramin wayoyi. Amma lura da eriya, wato gefen allon mai zanen layi a lanƙwashe. Siginar Wi-Fi ba ta ratsa ƙarfe, ruwa kuma shanye ta yake. Idan gangarka ta gwangwani ce, ɗaga wannan gefen ya ɗara bakin jirgi.

Mataki na 5: Raba wuta da batir

Batirin fawabank ba ya shiri da zafi, yana iya kumbura ko ya kama da wuta. Kyandir ya zauna a gaba, batir da allo a tsakiya zuwa baya, ka gitta bangon gwangwani a tsakaninsu. Bututun da ya wuce ta gefensu ma yana ɗaukar zafi, kada waya ta taɓa shi. Kewaye kyandir da ɗan gwangwani mai ramuka saboda iska, musamman lokacin hunturu. Kada ka kunna wuta bututu na bushe: cika shi da sirinji ta baki ɗaya har ruwa ya fito ta ɗayan.

Mataki na 6: Idan sigina ta yanke fa?

Mun ce injin ba ya da makunni. Idan jirgi ya wuce inda Wi-Fi ke kaiwa, zai ci gaba da tafiya har kyandir ya mutu. Maganin wannan a cikin umarnin yake: shafin wayarka ya riƙa aika wa allo saƙo kowace rabin daƙiƙa, idan kuma daƙiƙa 2 suka wuce allon bai ji komai ba, ya karkata wutsiya gefe guda. Jirgin zai tsaya yana zagaye a wuri ɗaya har ka matso. Gwada wannan a tudu: kashe Wi-Fi na wayarka, ka ga ko wutsiya ta juya da kanta. Yi amfani da guntun kyandir wanda ba zai wuce minti 10 ba.

Mataki na 7: Gwaji uku

Na farko a tudu, ba wuta. Aboki ya riƙe jirgi, kai kana ja da baya kana danna maɓalli, ka ƙirga takun da sigina ta yanke. Rabin wannan tazara ita ce iyakarka a kan ruwa. Ka bar shi a kunne minti 10, domin wasu fawabank na kashe kansu idan abin da ke jan wuta kaɗan ne.

Na biyu a baho, da wuta. Idan ruwa ba ya fita daga bututu, ko dai iska ta maƙale a ciki, ko harshen wuta bai kai naɗin ba.

Na uku a kududdufi marar zurfi, wanda bai wuce gwiwa ba, da zare ɗaure a gaban jirgi. Kauce wa wanda aka taɓa wanke ƙasar zinare a ciki. Kada ka kai shi gulbi, balle da damina, kuma idan ya maƙale a inda ba ka san zurfinsa ba, bar shi. Ana sake sayen ESP32.

Aikin gida

Bayan jirgin ya yi tafiyarsa ta farko, mayar da shi baho, ka cire na'urori. Riƙa zuba tsakuwa kaɗan-kaɗan a ƙasansa, ka auna nauyin da ya ɗauka kafin ruwa ya shiga. Sake gwadawa, amma wannan karon ɗora tsakuwar a kan rumfa, a gefe ɗaya. Rubuta lambobin biyu, ka ɗauki bidiyo da wayarka, ka nuna wa 'yan gidanku, musamman masu tsallaka ruwa zuwa gona ko kasuwa.

Sai mun haɗu a darasi na gaba. Allah Ya ba da sa'a.