Allon Suna Don Ƙofar Gida

Idan ɗan'uwa ya gama gini ya tare a sabon gida, dangi kan kai abin da ya sawwaƙa: wani tabarma, wani buta, wata kwanukan abinci. Akwai wata kyauta da ba ta cin kuɗi da yawa, amma takan daɗe fiye da waɗannan. Ita ce allon katako mai ɗauke da sunan gidan, wanda ka rubuta da hannunka. Duk wanda ya iya rubuta suna a takarda zai iya rubuta shi a katako. Amfaninsa kuma ya wuce ado. A sababbin unguwannin bayan gari, inda layuka ba su da suna, baƙo sai ya yi ta zagaye yana tambayar yara. Allo a ƙofa zai raba shi da wannan wahala, haka ma mai kawo saƙo, da mai mota da aka kira da dare don a kai maras lafiya asibiti.

Kafin ka sayi komai, ka tsayar da abin da za a rubuta. Nan ake bukatar hankali. A al'adarmu ɗa ba ya kama sunan mahaifinsa gatsau, kuma magidanta da yawa an fi sanin su da laƙabi ko sarauta ko sana'a fiye da sunan yanka. To, rubuta wanda unguwa ta sani, don shi baƙo zai tambaya. Idan kana shakka, tuntuɓi wani babba a cikin dangi. Sunayen matan gida ba a saba kafa su a ƙofar waje ba, sai dai in allon na ƙofar ɗaki ne a cikin gida, kamar wanda ƙanwa za ta yi wa yayarta amarya. Ayar Alƙur'ani kuwa, ni dai shawarata a bar ta. Allon ƙofa yana shan ƙura da ruwa, wata rana ya faɗo ƙasa a taka.

Sai katako. Masassaƙa sun daɗe da sanin halin itatuwanmu. Ƙirya tana da tauri ƙwarai, shi ya sa ake turmi da taɓarya da ita, amma za ta ba sabon hannu wuya. Aduwa tana yin santsi, ana sassaƙa allon karatu da ita. Maɗaci ja ne, yana da ƙwari, kuma yana yin kyau idan ya sha mai. A kasuwar 'yan katako, irin ta Na'ibawa a Kano, za ka tarar da obeche, farin katakon nan da ake kawowa daga kudu. Ba shi da nauyi, yana da sauƙin aiki, amma ƙwaro na son sa kuma ba ya jure ruwa, don haka ya fi dacewa da cikin ɗaki. Filawud ma haka, da ya sha damina ɗaya sai ya fara ɓarewa falle-falle.

Ba sai ka sayi dogon katako ba. Je wurin kafinta ka ce ya duba maka cikin guntayen da suka rage masa, mai tsawon ƙafa 2, faɗi inci 8, kauri inci 1. Ƙafa ɗaya inci 12 ce, inci ɗaya kuma ya ɗan haura santimita biyu da rabi. Ke nan allonka zai kai wajen santimita 60 a tsawo, 20 a faɗi. Ka tabbata busasshe ne. Ɗanyen katako ya fi nauyi, yana da sanyi a hannu, kuma da hunturu ya shigo sai ya karkace ko ya tsage, rubutun ya lalace. Ka roƙi kafintan ya kankare maka fuskarsa ta yi daidai. Sauran gugar kai za ka yi da sanfefa: fara da mai kaushi, lamba 80, ka gama da mai laushi, lamba 220. Ka bi tsawon jijiyar katakon, kada ka gitta ta, don zanen da gittawa ke bari yana fitowa ɓaro-ɓaro bayan an shafa mai.

Yanzu ajiye katakon gefe, ka ɗauko takarda. Mafi yawan aikin a takarda yake, kuma a nan ne allo ke yin kyau ko ya ɓaci. Kowa ya taɓa ganin allon shago da aka fara da manyan haruffa, da aka zo ƙarshe wuri ya ƙare, aka cusa sauran a matse. Rashin lissafi ne ya jawo.

Yanko takarda daidai girman allon. Takardar buhun siminti ma ta isa, in ka kakkaɓe ta. A ce za ka rubuta layi biyu, na sama GIDAN ƊANLAMI, na ƙasa BARKA DA ZUWA. Ƙirga haruffan layin ƙasa: BARKA 5, DA 2, ZUWA 4, jimla 11. Akwai fili biyu tsakanin kalmomin, kowane fili a ɗauke shi kamar harafi ɗaya, sun zama 13. Bar santimita 4 a kowane gefe, wato 8. Cire 8 daga 60, saura 52. Raba 52 gida 13, kowane harafi ya sami santimita 4. Ƙirga layin sama da kanka, za ka ga shi ma gurbi 13 ne. Daga sama zuwa ƙasa kuma: bar santimita 3 a sama, layin farko 6, tsakani 2, layi na biyu 6, ƙasa 3. Haɗa su, 20 cif.

Ja waɗannan layuka da rula da fensir. Kada ka fara daga hagu yadda aka saba. Nemo gurbin tsakiya, wato na 7, ka sa harafinsa a tsakiyar takarda, sannan ka cika hagu da dama. A layin ƙasa D ne ya faɗa tsakiya. Harafin I siriri ne, M da W kuwa masu faɗi ne, sai ka rage wa wancan ka ƙara wa waɗannan, ido zai nuna maka.

Kula da haruffa masu lanƙwasa, Ɓ da Ɗ da Ƙ. Masu rubutun allon kasuwa kan yar da lanƙwasar, amma ba ado ba ce: wanda ya so yi wa BAƘI maraba, ya manta da ita, BAKI ya rubuta. Idan sunan yana da 'Y, mu a Nijeriya muna sa ɗan waƙafi a sama kafin harafin, a Nijar kuwa Ƴ suke rubutawa. Da ka gama, kai wa wani malami ya duba. Gyara a takarda ba ya cin ko kwabo.

Don mayar da rubutun kan katako, goga gawayi a bayan takardar har ta yi baƙi. Ɗora ta a kan allon, rubutu na kallon sama, ka danne kusurwoyi da duwatsu don kada ta motsa. Bi kowane harafi da biro kana ɗan dannawa. Da ka ɗaga takardar za ka ga haruffan sun fito. Maimaita su da fensir kafin hannu ya goge su.

Hanya biyu ce ta fito da rubutun. Ta farko ƙonawa, irin yadda masu zanen ƙwarya ke yi da ƙarfe mai zafi. Sa doguwar ƙusa a garwashi, ka riƙe ta da filaya, ko maƙeri ya yi maka ɗan ƙarfe mai ƙota. Gwada a guntun katako tukuna, sannan ka bi layin fensir a hankali, kana mayar da ƙarfen wuta idan ya huce. Rubutun wuta ba ya kankaruwa. A kan tsiran katako kaɗai ake yin sa, don hayaƙin fenti guba ne.

Ta biyu fenti. Nemi fenti mai mai, ba na ruwa da ake shafa wa bango ba. Shafa fari a duk allon sau biyu, kana barin kwana ɗaya tsakani, sannan ka ɗora takardar gawayin, ka cika haruffa da baƙi ko shuɗi da ƙaramin burushi. Launi mai duhu a kan mai haske ya fi karantuwa daga nesa. Yi aikin inda iska ke shiga amma ƙura ba ta tashi. Wasu fenti suna da gubar dalma, saboda haka a kori yara daga wurin, a wanke hannu da sabulu kafin cin abinci. Burushi da kananzir ake wanke shi, tsumman da ya jiƙe kuma a nisanta shi da murhu.

Allon da aka ƙona yana bukatar man banish sau biyu ko uku, gaba da baya. Ka fi ba bakinsa biyu, inda zarto ya yanka, domin ta nan katako ke zuƙar ruwa. A bayan allon, rubuta sunanka da shekara, misali 1447 ko 2025.

Wajen kafawa, a huda ramukan ƙusa tun da fari, in ba haka ba katakon na iya tsagewa. Zaɓi wuri ƙarƙashin inuwar rufi, nesa da bakin indararo, daidai idon mutum a tsaye. Idan katangar ta ƙasa ce, sa 'yan guntayen ƙarfe ko murafun kwalba tsakanin allon da bango, iska ta riƙa ratsawa, kuma in gara ta fara gini a gan ta da wuri. Kowace shekara, kafin ruwan farko ya sauka, a sauko da shi a goge ƙura, a ƙara masa mai sau ɗaya.